Na Auna Ta da Karan Dawa

A Magariya na fara ganinta, a ƙofar gidan wani Alhaji da ya bar aikin duwan, wato kwastan. Mota ce ƙarama, ruwan madara, ƙofa biyu, idanunta zagaye kamar na kwaɗo. Na tsaya da moto, babur ɗina, a tsakiyar hanya ina kallo, har wani mai amalanke ya zage ni.

Na san wannan fuskar. Ran da na fara bin ubana Damagaram, ina ɗan ƙarami, na ga irinta a ƙofar gidan waya. Na taɓa ta, aka buge mini hannu. Yau ga ta, an ce ta sayarwa ce. 'Yar Alhajin ke hawa, ta yi aure ta tafi Yamai.

Ban yi lakwal ba, ban taɓa zama a aji ba. Na yi karen mota shekara tara, na ja motar kasuwa har ran da ta kife da ni, ƙafata ta hagu ta gajarce. Daga nan na koma fataucin shanu. Farmina na tuƙi yana cikin akwati, ban sake zaton zan fito da shi ba.

Ciwon matata ne ya sa. Ƙugu da gwiwoyi. Likita ya ce a riƙa kawo ta Magariya kowane wata. Garinmu yana tsakanin Dungas da Mallawa, a bayan moto nake ɗaukar ta. Ba ta kuka, mayafinta take cizo. Zuwan ƙarshe da muka dawo, na sauke ta a ƙofar gida, ta dafa bango ta ce, "Malam, na gama. Ka bar ni da ciwon, ya fi hanyar sauƙi."

Ba ta magana biyu. Ko in samo abin da zai kai ta a zaune, ko ta bar magani.

Ina da taubashi a Magariya, ɗan ƙanwar ubana, bakanike ne. Na jawo shi muka je.

"Tsohuwa ce irin wadda nake so," na ce masa. "Guduma da waya sun ishe ta gyara."

Ya yi dariya har ya dafa katanga. "Ɗan ƙauye, fuskar ce ta kakarka. Ciki kuwa yarinya ce ɗanya. Masu ƙera ta ne suka yi marmarin zamanin da."

Ya buɗe gaba. Ban ga abin da na sani ba, duk an rufe da baƙar roba.

"In ta yi fushi sai Kano," in ji shi. "A sa mata na'ura, ta faɗi inda ke mata ciwo."

"Mota mai magana?"

"Ta fi ka magana, ai."

Ban damu ba. Ni yadda nake duba bijimi, haka na duba ta. Na bi ƙafafunta huɗu da tafin hannu, ko akwai wadda ta cinye gefe guda. Na danna kowace kusurwa, ta tashi sau ɗaya ta tsaya. Na sa yatsa a bututun hayaƙi na shinshina. Sannan na roƙi tsintsiya, na share ƙasa fes, muka tura motar kan sharar. Na ce kada kowa ya taɓa ta sai na zo gobe.

Alhajin ya ce, "Malam, sa ka zo saye ne?"

"Alhaji, dabba ba ta ɓoye abin da ta kwana da shi. Ƙasa za ta faɗa."

Da safe na durƙusa na leƙa. Babu ɗigon mai, babu ɗigon ruwa. Na murza makulli tana sanyi, ta tashi bugu ɗaya. Na ɓoye fuska don kada Alhajin ya ga murnata.

Saura abu guda. Daga babbar hanya zuwa garinmu yashi ne, tafiyar awa ɗaya a ƙafa. Shanun amalanke suna tafiya biyu gefe da gefe, tayoyi na bin sawunsu, tsakiya kuwa ta tashi ta zama tudu. Tun a gida na je inda tudun ya fi tsawo, na yanki karan dawa daidai tsayinsa, na sa shi a aljihu. Na fito da shi na tsayar a ƙarƙashin cikin motar. Ya shige, har da ragowar yatsa biyu.

Na ce Alhaji ya ba ni ita yini ɗaya. Ya yarda, tunda taubashina ya tsaya mini.

Ban san yadda zan faɗi wannan tafiyar ba. Motocin da na ja, sai ka yi kokawa da sitiyari. Wannan da yatsa take juyawa. Giya na shiga kamar cokali a kunu. Na kunna kilim, sanyi ya bugi wuyana, na ji ina dariya ni kaɗai. Taubashina na biye da ni a kan motona, yana shan ƙura. Na shiga yashi na wuce tudun nan kamar babu shi. Mata suka bar daka suka fito kallo. Limaminmu ya zagaya ta ya ce, "Wannan ta gama girma kuwa?"

Matata ta fito tana dogara sanda. Ƙofar motar faɗi gare ta, tunda biyu ce kawai. Ta zauna a gefen kujera kamar bakin gado, na ɗaga mata ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ciji mayafi ba.

"To, mu je Magariya mu gani," ta ce. "A ɗauko buhun waken can, in kai wa ƙanwata."

Bayan motar bai ci buhun ba, sai muka aza shi a kujerar baya. Taubashina ya nannaɗe kusa da shi, gwiwa a haɓa. Muka tashi.

A daidai babban gawon nan, inda na yanki karan, na ji ƙuuu a ƙarƙashinmu. Mota ta hau tudu ta zauna. Tayoyin gaba na juyawa suna watsa yashi, ba ta motsi.

Na fita na leƙa. Cikinta ya kwanta a ƙasa. Ni da na shekara talatin ina ganin yadda bayan jaki ke lotsawa in an aza masa kaya, na je na auna mota ba kowa a ciki.

"Ina karan?" in ji taubashina ta taga. "Kawo shi mu tona da shi."

"Fito. Kai ne nauyin."

"Ni ko waken ƙanwar matarka?"

Muka sauke buhun. Na ce wa matata ta daure ta fito. Ta gyara zama, ta juya fuska wajen sanyin kilim.

"Ku yi ta tononku, Malam. Ni na samu wuri."

Muka tona da hannu. Wani Bafillace maƙwabcinmu ya zo wucewa da shanunsa na noma, ya ɗaura igiya, ja ɗaya ta fito. Taubashina ya taka da ƙafa har babbar hanya, buhu a kai, yana tsine mini. A can ya sake shiga. Daga nan zuwa Magariya matata barci ta yi, bakinta a buɗe. Na rage gudu don kada mu isa da wuri.

Taubashina ya raɗa mini daga baya, "Gaskiya, ɗan'uwa, ba motar garinku ba ce. Nemi mai tsayi."

Na san gaskiya ya faɗa. Mai tsayi kuma matata ba ta iya hawa. Na sayar da bijimai na saya.

Sai na yanki sabon kara. Wannan karon na sa ta zauna a ciki, na sa mutum biyu a baya, na auna cikin motar, na rage yatsa uku. Bayan girbi na kira gayya. Maza suka fito da hauya da shebur, 'ya'yana mata suka dama fura. Ina gaba da kara, ina ɗingishi. Duk inda tudu ya fi shi tsawo, a sare. Kafin la'asar mun kai babbar hanya.

Kowace damina amalanke na mayar da tudun, kowace kaka mu sake sarewa. Masu kabu-kabu ma yanzu suna zuwa, sun ga amfaninsa. Sau ɗaya motar ta yi fushi, na kai ta Kano, ta faɗi ciwonta kamar yadda aka ce.

Matata ba ta tsallake wata ko ɗaya ba tun daga nan. Karan yana soke a rufin zaure. Ran zuwa likita, ita ke riga ni fitowa, ta zauna a ciki ta rufe ƙofa, ta aiko a ce mini rana na yi.