Ranar da 'Yan Ajinmu Suka Zo Ta'aziyyata

Assalamu alaikum Edita, da masu karatu baki ɗaya. Na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan shafi ina cewa Allah sarki, yau kuma ga nawa na kawo. Ba zan ambaci sunan kowa ba, ku yi mini uzuri.

A Makka aka haife ni, a unguwar Ka'akiyya na tashi. Iyayena daga ƙasar Kano suka zo aikin Hajji suka zauna, kuma har mahaifina ya koma ga Allah bai samu iƙama ba, wato takardar izinin zama. Don haka ni ma ba ni da ita. A lokacin da nake ba ku labari budurwa ce ni mai kaifin ƙwaƙwalwa, kuma gaskiya ina ji da kaina. A gidan wata malama a bayan layinmu na yi karatu, har ta kai in ta gaji ni take miƙa wa yara. Burina ɗaya ne: in samu shahada, wato takardar shaidar koyarwa, daga wata makaranta a Makka, in ɗauki Inna mu koma Najeriya, in koyar da Larabci, ta huta da wankau da sharar gidajen mutane.

Wanda bai tashi babu takarda ba, da wuya ya gane irin tarbiyyar da ake yi mana. Tun muna ƙanana ake ja mana kunne cewa in ka shiga wuri mai tebur da kujera, ka sunkuyar da kai ka wuce. Kada ka tsaya karanta sanarwa a bango, don mai tsayawa shi ake lura da shi. Kada ka yi tambaya, don in ka yi ɗaya za a yi maka biyu, ta biyun kuwa ita ce ina iƙamarka. Wannan tarbiyya ta tsare mu daga tarhil, wato a kama mutum a mayar da shi ƙasarsu, ba zan ce ba ta yi rana ba. Amma ita ce ta kashe ni.

Ina da Gwaggo, ƙanwar mahaifina, a Rusaifa. Ita mijinta yana da takardu, 'ya'yanta duk suna da iƙama. 'Yarta ta biyu sa'ata ce, kuma mun yi kama har baƙi kan rikice. Sai dai ita da littafi ba sa ga-maciji. Saro turare da abaya daga Jidda shi ne abin da ta iya, kuma ta iya ɗin. Gwaggo ce ta kawo shawara wata rana muna tsince shinkafa. Ta ce ga ma'ahad, wato makaranta, na mata nan kusa da su yana horar da malamai, ga iƙamar 'yarta tana zaune ba ta aikin komai, ni kuma ga kai ba takarda, me zai hana a haɗa? Inna ta tambaya yaya za a yi da suna a kan shahada. Gwaggo ta yi dariya ta ce wannan ai ƙaramin abu ne, in an gama za a nemi mai hanya a gyara, mutane nawa suka yi haka. 'Yar tata kuwa har da tsokana, wai in yi ƙoƙari in ciyo mata na ɗaya, kada in zubar mata da mutunci. Ban tambayi Gwaggo ko mutum ɗaya ta sani da ya yi hakan ya dace ba. Ina so ne, shi ya sa ban tambaya ba.

Aka yi rajista ba wata matsala. Aka ce sababbin ɗalibai su zo ranar buɗe makaranta, mudira, wato shugabar makarantar, za ta yi bayani. Na ƙi zuwa. A tunanina ranar ce za a ƙare wa kowa kallo, a riƙa kiran suna ana duba fuska. Na bari sai da aka fara darasi na saje cikin mutane. A bakin ƙofar shiga kuma akwai wani babban allo cike da rubutu ƙanana. Safe da rana ina wuce shi, ban taɓa ɗaga kai na karanta layi ɗaya ba. Ni da nake gyara wa 'yan ajinmu nahawu!

Karatu kam na yi shi. Na ciyo na ɗayan da aka ce in ciyo, ba sau ɗaya ba. Akwai wata malama dattijuwa da ta ɗauke ni kamar 'yarta, takan ba ni aron littattafanta na gida. Amma ban yarda na yi ƙawa ta kusa ba, ban taɓa gayyatar kowa gidanmu ba. Da sunan 'yar Gwaggo suke kirana, ina amsawa, har wani lokaci in Inna ta kira ni da sunana na gaskiya sai na ɗan yi jinkiri kafin in waiga.

Saura zango ɗaya mu gama, muna cikin ɗan hutu, motar da 'yar Gwaggo take ciki ta yi hatsari a hanyar dawowa daga Jidda. Ko asibiti ba a kai da ita ba. Wallahi a kwanakin farko ban ko tuna da makaranta ba. Tare muka tashi, kwano ɗaya muka ci, kuka nake kamar raina zai fita. Sai da saƙo ya shigo wayata a zauren hira na 'yan aji, makaranta tana sanar da rasuwar ɗalibarta, tana roƙon a yi mata addu'a. Tunda an yi rajistar mutuwar kafin a binne ta, labari ya isa gare su ta lambar iƙama. Ina zaune ina kallo addu'o'i suna ta shigowa, kowace tana faɗin alherin da na yi mata. Na kashe wayar, ban sake kunna wannan layi ba har yau.

Adireshin gidan Gwaggo ne a takardun makaranta, don haka can suka zo ta'aziyya bayan la'asar, malamar nan dattijuwa da ɗalibai cike da mota. Ina raba dabino da gahawa na hango su suna cire takalmi. Ban san lokacin da na tsinci kaina a kicin ba, na tsuguna bayan ƙofa. Ina jin malamata tana gaya wa Gwaggo cewa tunda take koyarwa ba ta ga yarinya mai fahimta irin wannan ba, ta so ma ta roƙa a riƙe ta ta koyar a makarantar. Gwaggo tana kuka tana cewa amin, ta san ba 'yarta ake yabo ba, kuma ba ta da bakin faɗa. Na toshe bakina da gyale. Da na fito, da na jefa Gwaggo da mijinta cikin bala'i a kan makokin da suke ciki, ni da Inna kuma sai tarhil. Na zauna a wurin har suka sha gahawa suka tafi.

Bayan an share makoki na tuntuɓi Gwaggo maganar mai hanyar da ta ce za a nema. Ta kalle ni kawai, ta ce in bar ta da abin da yake damunta. Ban ga laifinta ba. Amma zuciyata ta ƙi haƙura, ina ta saƙa cewa wataƙila akwai wata ƙofa, ko a ba ni sakamakon zangunan da na yi, ko a bar ni in zauna jarrabawar ƙarshe. Da shekara ta zagayo na ji za a yi taron buɗe makaranta, kuma ana barin iyaye da dangi su shiga. Na sa niƙabi na tafi, na zauna can baya cikin iyaye mata.

Mudira ta tashi ta ce akwai bayanan da doka ta wajabta wa kowace makaranta irin tasu ta sanar da ɗalibai da jama'a kafin a fara karatu, kuma duk suna nan a allon bakin ƙofa da shafinsu na intanet, amma za ta karanta don kada wata ta ce ba ta ji ba. Ta faɗi hukumar da ta ba su lasisi, da inda shahadarsu take aiki da inda ba ta aiki, da yadda ɗaliba za ta janye in ta fasa, da inda za ta kai ƙara in an zalunce ta. Sai ta zo kan rajista. Ta ce duk sakamakon ɗaliba yana ɗaure ne da lambarta a wajen hukuma, su kansu ba su da ikon canza suna ko mayar da shi kan wata, kuma wadda aka samu ta yi karatu da takardun wata, an soke karatun gaba ɗaya kuma dole su kai rahoto. Wannan kam na riga na zata. Abin da ta faɗa bayansa ne ya gama da ni. Ta ce suna da darussan yamma na jama'ar unguwa, malaman su ne dai, littattafan ma kusan su ne, ba a rajista da hukuma, suna kawai ake rubutawa, kuma wadda ta kammala malamarta takan ba ta takardar shaidar halarta da ijaza, wato izinin koyar da abin da ta karanta, da sunanta. Ta ce wannan ma yana jikin allo tun da aka buɗe makarantar.

Ba shahadar gwamnati ba ce, na sani. Amma a makarantar Islamiyya a Kano, ijazar malamar Makka da sunana a jiki ta ishe ni in tsaya gaban aji. Ita ce kaɗai abin da nake nema tun farko. Yanzu kuwa ko wannan ƙofar ta rufe, don duk malaman sun san fuskata da muryata, kuma sun riga sun yi mini addu'ar mamaci.

Yau shekaru sun ja. Inna ƙafa ta hana ta fita aiki, ni nake fita. Lokacin Hajji nakan samu aikin girki da share tantuna a Arfa, sauran watanni kuma duk abin da ya samu. Maganar komawa gida mun daina yin ta, don ban san da me zan koma ba. Wani lokaci ina wanke tukwane in ji wata alhajiya tana karatu tana kuskure, gyaran ya zo har bakina, in haɗiye.

Abin da na koya shi ne, makarantar nan ba ta ɓoye mini komai ba. Ta rubuta, ta manna, ta karanta da babbar murya, ni ce aka koya wa kada in duba. Don haka ina roƙon 'yan'uwana, musamman mu da muka tashi cikin tsoro, kafin ki sa ƙafa a kowace makaranta ki nemi bayanan da doka ta tilasta musu su fitar, ki karanta har ƙarshe. In kina tsoron tsayawa, ki aika mai takarda ya ɗauko miki hotonsu. Iyaye kuma, don Allah ku daina cewa za a gyara daga baya a kan abin da ba ku taɓa ganin an gyara ba. Kada kuma wanda ya ari sunan wani, ko da na ɗan'uwansa ne na jini.

Ranar taron nan, da zan fita, na ga sabon injin ruwan sanyi a barandar da muke zama lokacin hutu. An manna ƙaramin rubutu a jikinsa cewa sadaka ce daga 'yan aji da malamai, ladan ya kai ga ɗalibarsu mai hazaƙa da ta rasu. Na tsaya na karanta shi tas, shi ne rubutu na farko da na taɓa tsayawa na karanta a ginin nan. Na ɗaga niƙabi kaɗan na sha ruwan, na yi wa 'yar Gwaggo addu'a, don sunanta ne a jiki.