Kumatun da Na Sayar wa Ɗalibai

Kafin in zama abin da na zama, dillalin tumaki ne ni a kasuwar Gummi, kuma ban taɓa kwana da yunwa ba. Na faɗi haka ne don kada wani ya ce talauci ne ya tura ni. Raini ne. Na raina hankalin mutane, kuma abin takaici, sau da yawa sun nuna mini ban yi kuskure ba.

A wajen tumaki na koyi dabarar. Akwai wasu 'yan ƙwayoyi da ake kira sha-ka-fashe, ana jiƙa wa ramammen rago a dusa. Kafin ranar kasuwa ya cika ya yi sheƙi, mai saye ya shafa bayansa ya ce ma sha Allah. Ba nama ba ne, kumburi ne.

Da ciniki ya ja baya sai na buɗe shagon fura a ƙofar wata kwaleji a yankinmu. Gero daga Bukkuyum, nono daga ruga. Fura ce ta gaskiya, kuma da na tsaya a nan da yau ba ni da labarin ba ku. Amma na riƙa jin hirarku, ku ɗalibai. Ban taɓa jin ɗayanku ya ce lafiya yake nema ba. Wannan na son kumatu don hoto, waccan ƙawaye sun ce ta bushe kamar kara, wancan na tsoron ya koma gida hutu a ce makaranta ta cinye shi. Mutum ya wuni daga biskit sai lemon kwalba, sannan ya tsaya gaban madubi yana jiran ƙiba. Na ce a raina, waɗannan masu littafi a hammata ba su fi masu sayen rago wayo ba.

Na fara daka ƙwayar nan ta raguna kaɗan ina zubawa a robar fura ɗaya. Da na ga an fi wawar ta, na zuba a duka. Kafin ƙarshen zango layi ya kai bakin titi. Masu karatun kimiyya ma na ciki, kuma ko mutum ɗaya bai tambaye ni me ke cikin furar ba.

A cikin masu zuwa akwai Lawali, ɗan wani ƙauye kusa da Bukkuyum, dogo, siriri, yana shekarar ƙarshe. Tari yake yi wanda ba ya jin magani. Wata rana ya ce mini, “Alhaji, Inna ta ce in na zo hutu za ta saida akuyarta ta kai ni asibiti. Ni ko kunya nike ji.”

Na ce, “Asibitin mi? Rama ce kawai. Sha hura safe da marece, ka ga aiki.”

Na san tarin ba na rama ba ne. Wanda ya shekara yana duba dabba ya san numfashin da ba daidai ba. Amma na ga mai sha sau biyu a rana, sai na ƙara masa ludayi.

Ya dawo daga hutu fuska kamar an hura balan-balan, yana dariya. “Alhaji, Inna ta yi guɗa! Ta ce wanga yaro ai ya warke, akuya ta tsira.” Abokansa suka tafa, ni ma na tafa.

Ana saura kwanaki jarrabawa ya yanke jiki ya faɗi a aji, jini na fita ta baki. Likita ya ce tarin fuka ne, kuma wani magani da yake sha ya danne alamun ciwon, ya karya garkuwar jikinsa har cutar ta ci huhu. Aka tambayi abokansa me yake sha, suka ce ba komai sai furar Alhaji. Hukuma ta zo ta ɗebi furar, ta kuma sami turmin da nake daka ƙwayar a ƙarƙashin tebur. Ban yi musu ba, ba abin musantawa.

Shekara uku na yi a gidan yari. A wata na biyu wani gandiroba ya leƙo ya ce, “Kai ne mai hura? Yaron ya cika.” Ya wuce abinsa. A ɗakinmu akwai ɓarayin shanu, har su suka matsar da tabarmarsu daga tawa.

Da na fito ban nufi gida ba, ƙauyen su Lawali na nufa. Na sami Innarsa tana surfe. Na durƙusa na faɗi ko ni wane ne. Ba ta ajiye taɓarya ba. Ta ce, “Kai ka zuba, ni na yi guɗa. In na iya yahe wa kaina, sai in dubi taka. Tashi, kana tare min haske.”

Na tuba ga Allah, yanzu gero da wake nake sayarwa, abin da mai saye zai damƙa ya gani da idonsa. Mai sha'awar irin hanyata ya sani, ba ranar da aka kama ni na lalace ba, tun ranar robar farko ne.

Ku kuma ɗalibai, ba zan lallashe ku ba. Irina na nan a ƙofar makarantunku, kuma sakarcinku ne jarinmu. Kumatu ba lafiya ba ne. Ku ci tuwo da wake da ganye, ku sha ruwa, ku yi barci, ku motsa jiki. Duk abin da aka ce yana sa ƙiba cikin sati, ku tambayi me ke ciki. Wanda ya riga ya saba da ƙwayar kada ya yanke kai tsaye, ya je likita ya sauke shi a hankali. Tarin da ya wuce sati biyu kuwa, na asibiti ne, ko da za a sayar da akuyar ƙarshe a gidan. Uwa takan sake samun akuya. Innar Lawali tana da guda bakwai yanzu, na gan su a tsakar gida, ba ta ko kallon su.