Jikar da Allo Ya Ɓoye

A shagon intanet na unguwarmu a Yogyakarta, wani dattijo na zaune gaban kwamfuta mai ƙatuwar ƙeya, taɓon gonar shinkafa bai gama barin ƙafafunsa ba. Ina jin daga ƙauye ya taso. Ɗansa da ke ƙetare ya sa hoton jaririyarsa a shafi, amma kunnenta kawai ya fito. Dattijon yana ta karkata wuya, yana leƙa gefen allon kamar taga.

"Mbak, an ɓoye min jikata!" ya ce wa mai shagon, da kiran girmamawar da ake yi wa mata a nan.

"Pak, wuyanka zai ƙage," in ji mai shagon, tana dariya, ta kira shi Pak, wato Baba. "Shafin ne ya fi allon faɗi."

Ta gyara saitin allon, sai ga fuskar gaba ɗaya.

Ya buga cinya, ya goge hannu a zaninsa, ya shafa gilashin a hankali.

"Wallahi hancina ta ɗauko."