Baba Don-Me da Injin Tura Ruwa

"To ka kore ni mana, Manaja," in ji Baba Don-Me, yana goge hannu da tsumma. "Amma ba zan kashe injin da ke ba unguwa ruwa ba don kawai allo ya yi ja."

"Baba, kwamfuta ce ta ce a kwance shi."

"Ta ce. Don me?"

Wannan tambaya ce ta ba shi suna. Tun shigarsa gidan ruwa da ƙuruciya haka yake. Matarsa takan ce ko magani ba ya haɗiya sai likita ya faɗa masa dalili. Kunne ne jarinsa. Yakan ɗora bakin sukundireba a jikin inji, ya kara ƙotar a kunne, ya faɗi ciwon. Da aka liƙa wa injuna na'urorin auna zafi da girgiza, kwamfuta ta koyi hango lalacewa, bai yi gaba da ita ba. Ba da umarni babu bayani ne ke ci masa rai.

Manaja ya yanke hukunci: ko ya kwance injin yau, ko ya ajiye makullai. Baba ya jawo benci ya zauna daram a gindin injin.

Nan injiniyar da ta haɗa tsarin ta same shi.

"Baba, yajin aiki ake?"

"'Yata, ƙawar nan taki ba ta da tarbiyya. Tana aiken babba ba ta faɗin dalili."

Ta yi dariya, ta zauna gefensa, ta daɗe tana latse-latse har allon ya kawo dalilansa. Zafi lafiya. Mai lafiya. Sai wata siririyar ƙara daga boris ɗin baya, wato zoben ƙarfen da sandar injin ke juyawa a cikinsa, kullum ƙaruwa take.

Baba ya kara kunnen hagu, wanda ya saba aiki da shi. Shiru. Ya juya na dama, ya runtse ido. Can ƙasa ya jiyo ta, siririya kamar kukan sauro. Ya shafa kunnen hagun.

"Yanzu ƙawar taki ta yi magana," ya ce daga baya. "A cika babban tanki tukuna, kada mutane su wuni da ƙishi."

Manaja ya leƙo. "Ka dai sauko ke nan?"

"Ban sauko ba, dalili aka ba ni. Gobe ma in allon ya yi ja, sai na tambaya."

Ya saɓa akwatin sifanu, ya nufi wajen tanki.