Hoton da Ba Shi da Ƙafafu

A shekarunmu na farko a garin Lanham na Amurka ciwon ɗaukar hoto ya kama ni, kuma har yau matata na cewa gara da zazzaɓi ne, don shi yana da magani. Ranakun aiki ina ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Largo, ran Asabar kuwa ina bin gidajen Turawa masu baje tsofaffin kaya a ƙofar gida, ina kwaso kyamarorin da suka gaji da su. Wadda na fi ji da ita wata baƙa ce mai ido biyu, ana riƙe ta daidai cibiya a leƙa ta sama kamar mai duba tukunya. Banɗakinmu ya koma ɗakin wanke hoto, mai son wanka sai ya jira na gama.

Abokin wannan haukan nawa maƙwabcinmu ne, direban tasi ɗan Kumasi. Shi ke riƙe mini tire da muka naɗe da takarda mai ƙyalli ta gasa kaza, yana karkato hasken taga zuwa fuskar mutum. Ladansa kawai a bar shi ya yi sharhi.

Sai saƙo ya zo daga surukuwata a wani ƙauye kusa da Jos: shekara uku ba ta ga 'yarta ba, a aiko mata da hoto. Ranar da zan taho da yarinyar nan na durƙusa gaban tsohuwar na yi alkawarin zan riƙe ta amana. Wannan hoto shi ne shaidata.

Kowa ya san yadda ake hoton aikawa gida. A tsaya cak, daga ɗankwali har takalmi, hannuwa biyu a fili, a jingina da mota ko ta aro ce. Ni kuwa a lokacin ina ganin wannan ƙauyanci ne. Na zaunar da matata gefen taga, na ɗauko ta daga kafaɗa zuwa sama, baƙi da fari, rabin fuska a haske rabi a inuwa. Ta yarda ba gardama, har tana cewa in ƙara inuwar. Da ina da wayo da nan na gane akwai magana, domin matata ba ta taɓa yarda da shawarata a karon farko ba.

Ɗan Kumasi ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Maigida, hoto ya yi kyau, amma bai da ƙafa."

Na ce masa ya tsaya a tuƙinsa, na aika da hoton gida.

Bayan wata biyu wani ɗan cocinmu ya dawo daga gida da kaset. Muka saka. Surukuwata ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, har da maƙwabtan da ba ta sani ba, kafin ta shiga magana.

"Ɗana, na ga hoto. Ina hannuwan 'yata? Ina ƙafafunta? Na kai wa fasto ya duba da gilashinsa, shi ma bai gani ba. In hatsari aka yi, ku gaya mini, ni ba yarinya ba ce. Kuma wannan duhun, wutar ce babu a Amurkan, ko wani abu kuke ɓoye mini?"

Na fara dariya, sai na ga matata na share hawaye. A nan ta faɗa mini gaskiya. Aikin jinya take yi, sau da yawa ta haɗa na safe da na yamma, ta rame har zoben aure na zame mata, shi ya sa ta so inuwar. Kunya ta kama ni ƙwarai. Wata da watanni ina leƙen fuskar matar nan ta ido biyu na kyamara, amma sai tsohuwa mai hazo a ido, daga ƙetaren teku, ta riga ni gani.

Ta rage aikin, na koyi tuƙa tuwo, ko da yake ta ce gudajin da ke ciki sun isa a yi jifa da su. Ta so mu jira ta murmure, na ce Mama ba ta barci. Ran Lahadi bayan sujada muka tsayar da ita jikin tasin ɗan Kumasi, rana tsaka, na ɗauka da 'yar kyamarar nan mai tofo hoto nan take, wadda nake rainawa. Ɗan Kumasin ne ya ba da umarni: "Buɗe yatsu, Mama za ta ƙirga."

Amsar ta zo gajera. "Kin rame, amma kina tsaye da ƙafafunki. Ki ci abinci. Ɗana, na gode."

Ba ta sake ganin 'yarta ido da ido ba. Da muka je gida bayan rasuwarta, muka tarar da hoton tasin a kan akwatinta, gefensa ya koɗe don shafa. Ba ya iya tsayuwa shi kaɗai, don haka ta tokare shi da wata takarda mai kauri da ta ninka biyu. Na warware, sai ga hoton nan da na ɗauka a gefen taga.