Dashen Kawu Ummaru

Ranar Asabar, ana idar da sallar asuba muka bar Katsina, ni da Malam Lawal, malamin gonar da muke shirin noma tare a rediyo. Kawuna Ummaru ne ya kira ni daga Ƙofa: attaruhu yana mutuwa a garin, gona bayan gona, ba wanda ya san dalili.

Katsina zuwa Kusada

An tsayar da mu a shinge biyu. A na biyun, jami'in ya leƙa jakar Malam Lawal, ya ga 'yar wuƙa da ledoji.

"Wanzami ne?"

"Na shuka ne, yallaɓai," in ji direba. "Kai ba ya taɓa ka."

A Kankia muka karya da koko da ƙosai, muka shiga wata motar zuwa Kusada. Daga nan 'yan acaɓa suka kai mu Ƙofa da hantsi.

Ƙofa

Ban taɓa ganin gona haka ba. Ƙasa a jiƙe, amma ganye ya yanƙwane. Ruɓaɓɓen attaruhu zube a kunya, wari yana tashi. Malam Lawal ya tuge ɗaya. Gindin ya ruɓe, farar funfuna ta lulluɓe shi kamar auduga, da wasu ƙwayoyi da ba su kai tsabar gero ba. Ya ce ƙwayoyin nan suna shekaru a ƙasa da ransu, kuma suna bin ƙasar da ta manne a saiwar dashe.

Muka zaga gonaki yana tambaya ɗaya: "Ina ka samo dashe?" Kowa ya ce wajen Baba Ummaru. Tun ina yaro Kawu yake renon dashe ya raba wa gari kyauta, kuma da wannan aka san shi. Gona ɗaya muka tarar lafiya lau, ta wani da suka saɓa da Kawu, bai je karɓa ba. 

Muka koma fangalin da Kawu yake renon dashen, bayan gidansa.

"Baba, wane taki ka zuba nan?" in ji Malam Lawal.

"Na juji mana. Can muka tara ruɓaɓɓen attaruhun bara, don kar ya tafi a banza. Mi ya faru?"

 Kawu ya dube ni, ya dubi fangalin, ya cire hularsa ya zauna a ƙasa.

Malam Lawal ya sassauta murya. "Ba sai an ambaci suna ba, Baba. Zan ce masu cutar ƙasa ce."

"In ba a faɗi ba, baɗi za su zo amsa," in ji Kawu. "Ni ko ban iya hana mutum dashe."

An kawo mana fura, shi bai sha ba. Bayan azahar ya tsaya a ƙofar masallaci ya faɗa da bakinsa cewa daga dashensa cutar ta fito. Wani dattijo ya ce Allah ya kiyaye gaba. Wasu suka sa takalmansu suka wuce.

Komawa

Mun tashi da la'asar ta hanyar da muka zo, muka iso Katsina bayan magariba. Mun gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, mun gode wa mutanen Ƙofa da suka buɗe mana gonakinsu a irin wannan rana.

Da damina ta zagayo, Kawu ya shuka dawa a fangalin. Dashen attaruhu kuwa, Kusada ya je ya sayo.