Malam Rabe da Injin Niƙan Rafin Guza

Ƙwaryar ta suɓuce wa Indo daidai lokacin da layin niƙa ya iso kanta. Faifai ya yi gefe, 'yar masara ta watse, sai ga tsummokara sun biyo baya. Su ta cusa a ƙasa don a ga kamar ƙwaryar cike take. Mijinta Tijjani akawu ne a wani kamfani a unguwar Doka kafin korar ma'aikata ta rutsa da shi, kuma har ranar unguwa ba ta sani ba.

Malam Rabe ya kashe inji, ya tsallako, ya jefa buhu a kan tsummokaran.

"Ni na buge ki da gwiwar hannu, 'yar nan. Je ki gida, biyan masara a kaina yake."

"Baba, ai ba ka..."

"Uwani, miƙo taki, ko sai ƙosan naki ya kai azahar?"

Kafin la'asar matarsa ta kai wa Indo ƙwaryar cike da gari.

Haka Malam Rabe yake. Da an idar da asuba yake ɗaure hanci da ƙyalle, ya ta da inji, ba zai zauna ba sai magariba, fari fat har gira. Tun da aka shiga tsuke bakin aljihu, a gabansa komai ke wucewa. Masu kawo niƙan alkama suka koma masara, masu masara suka koma busasshen rogo. Waɗanda a da ke barin dusa suka fara cewa a ɗaure musu, wai ta akuya ce, alhali an daɗe da sayar da akuyar. Ba ya tambaya, sai dai ya zuba gari a ƙarƙashin dusar.

A al'adar sana'ar, garin da ya zuba a tabarmar inji rabon mai niƙa ne. Wasu sayarwa suke yi, shi kuwa Malam Rabe rabarwa yake yi. Uwani mai ƙosai ta ce mini, "Idan ƙwaryarki ta daina zuwa, za ki ji sallamar matarsa, wai ta zo aron rariya. Tana fita ki ga ƙullin gari a bayan ƙofa."

Malam, kai ne rufin asirin Rafin Guza. Ƙurar gari ta cinye maka ƙirji, likita ya ce ka bari, ka ce to, washegari muka ji ƙarar inji. Kuma injin ma ba naka ba ne, na wani attajiri ne da shi ma kasuwa ta juya masa baya. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Mai karatu, duba gidan da hayaƙi ya daina tashi a layinku, ka nemi dalilin shiga.

Ranar da na je gaishe shi, muna cikin magana wata a-kori-kura ta tsaya. Wani dogo ya sauko, sifana a hannu.

"Kai ne Rabe? An sayar mini da injin nan. Rigasa zan kai shi yau."

Malam Rabe ya dubi mutumin, ya dubi matan da ke tsaye cikin rana. Ya yi tari, ya gyara ƙyallen hancinsa.

"Sannu da zuwa," ya ce. "Bi layi, akwai mutane a gabanka."